Daga hudar bincike zuwa jadawalin tifofi: yadda muke tsara ramin zinariya a kwamfuta

Fayil huɗu ne ke fara isowa kafin a zana ko layi ɗaya. Na farko yana faɗin inda aka kafa injin huda da zurfin da kowane rami ya kai. Na biyu yana faɗin yadda hudar ta karkata a ƙarƙashin ƙasa, domin bakin ƙarfe ba ya tafiya samɓal. Na uku sakamakon ɗakin gwaji ne, wato giram nawa na zinariya aka samu cikin kowane tan, mita bayan mita. Na huɗu kuma nau'in dutsen da aka ratsa. Ko da manhajar Surpac kake aiki, ko Datamine, ko Vulcan, ko Micromine, waɗannan huɗun su ne tushe, kuma nakan ba su kwanakin farko gaba ɗaya, duk da ƙorafin masu gaggawa.

Matsalolin da ke cikinsu sanannu ne, amma ba sa daina dawowa. Wata manhajar tana ɗaukar karkata zuwa ƙasa da alamar ragi, wata kuma ba ta sa alamar. Surpac da Datamine a nan suka saɓa. Idan ka kwaso bayanai daga ɗaya zuwa ɗaya ba ka juya alamar ba, sai ka ga ramukanka sun miƙe sama suna huda iska. Wannan ma da sauƙi, ido zai gani. Wanda ba ya ganuwa shi ne lambar -99 da ake sawa a inda ba a yi gwaji ba: manhaja za ta ɗauke ta a matsayin awo na gaske ta ja matsakaicin yankin ƙasa. A Najeriya akwai batun tsohon ma'aunin taswira na Minna da WGS84 na na'urar GPS. Idan safiyo ya auna bakin ramuka da ɗaya, taswirar saman ƙasa kuma tana kan ɗayan, komai zai goce da gomman mitoci. Fayilolin da suka fito daga Nijar ko wata ƙasa mai aiki da Faransanci sukan rubuta 1,5 a inda muke rubuta 1.5, kuma na sha ganin manhaja ta raba lambar gida biyu. Gwaji mafi arha shi ne a ɗora bakin ramukan a kan taswirar saman ƙasa. Duk wanda ya lafe a ƙarƙashi ko ya yi shawagi a sama da fiye da mita ɗaya ko biyu, a tambayi dalili.

Daga nan masanin duwatsu ne ke karɓa. Yakan zana jikin ma'adinin, yawanci da manhajar Leapfrog a yanzu, sannan ya yanka yankin duka zuwa tubala, ya ƙiyasta giredin kowane tubali, wato giram nawa na zinariya ke cikin kowane tan, daga ramukan da ke kusa da shi. Hanyar ƙiyasin da aka fi amfani da ita ta samo suna daga Danie Krige, injiniyan Afirka ta Kudu da ya fara aikin a ma'adinan zinariyar ƙasarsa a farkon shekarun 1950, Bafaranshe Georges Matheron kuma ya gina mata lissafi daga baya. Abin da ke dawowa hannuna shi ne samfurin tubala, sau da yawa miliyoyinsu, kowanne da giredinsa, nauyinsa, nau'in dutsensa, da matakin yardar da aka yi da shi.

Kafin in taɓa shi nakan duba abu biyu. Na ɗaya nauyi. A Afirka ta Yamma saman ramin zinariya yawanci ruɓaɓɓen dutse ne da ruwa da zafi suka cinye, nauyinsa wajen tan 1.8 a kowace mita kubik, na ƙasa mai tauri kuma wajen 2.7. Idan aka ba su nauyi ɗaya, an ƙara wa saman rabin abin da yake da shi, kuma saman nan shi ne kuɗin shekarun farko da za a biya bashin banki da shi. Na biyu matakin yarda. Ƙa'idar JORC ta Ostareliya, mai tsara yadda ake bayyana yawan ma'adini, ta kasa ma'adini gida uku: wanda aka auna sosai, wanda aka samu alama mai ƙarfi, da wanda aka yi hasashe. Na hasashe ba ya shiga ajiyar da za a bayyana wa masu zuba jari. A lissafin farko nakan ɗauke shi dutsen banza, ko da giredinsa na ɗaukar ido.

Sai a sa wa kowane tubali farashi. Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin bi. Tubali mai mita 10 ta kowane ɓangare mita kubik 1,000 ne, tan 2,700 ke nan. Idan giredinsa giram 1.5 ne a tan, akwai giram 4,050 a cikinsa. Masana'anta ba ta tsamo duka. A ce kashi 90 cikin ɗari, saura giram 3,645. Ozar zinariya giram 31.1 ce, ba 28.35 ta awon kayan kanti ba, kuma wanda ya haɗa su ya ƙara wa kansa kusan kashi goma na kuɗin da babu shi. A farashin dala 1,800 kowace oza, giram ɗaya dala 57.87 ne, tubalin zai kawo kimanin dala 211,000. Cire kuɗin haƙa, dala 3 a tan, 8,100. Cire niƙa da tacewa da gudanarwa, dala 20 a tan, 54,000. Abin da ya rage wajen dala 149,000. Tubalin da babu komai cikinsa kuwa asarar 8,100 ce zalla. Wato tubalin zinariya ɗaya zai iya ɗaukar nauyin na banza kamar 18. Farashin da muke sawa a nan kullum ƙasa yake da na kasuwar ranar, domin rami na shekara goma ne ko fiye, kuma kason gwamnati ma sai an cire shi daga farashin.

Daga waɗannan lambobin ne iyakar giredi ke fitowa. Dutsen da aka riga aka fito da shi bakin rami, tambayar ita ce masana'anta za a kai shi ko juji. Kuɗin haƙa an riga an kashe. Raba dala 20 da abin da giram ɗaya ke kawowa bayan tacewa, wato 52.08, za ka samu giram 0.38 a tan. Abin da ya haura wannan ya biya kuɗin niƙansa. Amma biyan kuɗin niƙa daban, cancantar shiga yau daban. Injin niƙa yana da iyakar abin da yake haɗiya a shekara, saboda haka a farkon rayuwar rami mukan ɗaga iyakar, mu tara mai ƙaramin giredi a tsibi sai ƙarshe. Kenneth Lane ne ya tsara lissafin wannan tun 1964, har yau da shi ake aiki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tubali ba ya fitowa shi kaɗai. Kafin ka kai gare shi sai ka kwashe duk abin da ke samansa, da faɗin da zai hana bango ruftawa. A gangara mai digiri 45, tubalin da ke zurfin mita 100 yana buƙatar a cire mazurari mai faɗin mita 200 a baki, tubala sama da 1,000. Shi da ke iya biya wa 18 kacal, ba zai ja wannan kaya ba. Amma idan yana da maƙwabta ɗari biyar masu zinariya da suka yi tarayya a kan wannan saman, lissafi ya canza. Gano wane rukuni ne zai biya wa kansa, cikin miliyoyin tubala, shi ne abin da Helmut Lerchs da Ingo Grossmann suka warware a 1965. Kwamfutocin lokacin ba su iya ɗaukarsa ba sosai, sai a shekarun 1980 Jeff Whittle a Ostareliya ya mayar da shi manhajar da ake saye, wadda har yanzu ke ɗauke da sunansa. Yau manhajoji da yawa sun koma ga hanyar da Dorit Hochbaum ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ta ƙirƙiro, wadda ke ba da amsa iri ɗaya cikin mintoci maimakon sa'o'i.

Ba sau ɗaya ake gudanar da lissafin ba. Nakan fara da kashi 30 na farashin, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har in wuce cikakken farashi. Kowane zagaye yana fitar da rami ɗan girma fiye da na baya, suna zaune ɗaya cikin ɗaya kamar kwanonin jere. Ƙananan suna nuna inda kuɗi yake kusa da sama, nan za a fara. Sabon shiga yakan zaɓi ramin cikakken farashi don shi ya fi yawan oza, shugabanni ma suna son jin babbar lamba. Ni ban cika zaɓensa ba. Dala 100 da za ta zo bayan shekara goma, idan ana rage darajarta da kashi 10 a shekara, ba ta kai dala 39 ta yau ba. Zoben ƙarshe na ramin yakan ci miliyoyin tan na dutsen banza da wuri don zinariyar da za ta zo a makare. Idan ka zana jadawalin ƙimar kowane rami a kuɗin yau za ka ga ya hau, ya hau, sannan ya kwanta ya miƙe tun kafin cikakken farashi. A farkon inda ya kwanta nake tsayawa, domin daga nan gaba haɗari ne ke ƙaruwa, riba tana nan inda take.

Abin da manhaja ta fitar ba a iya haƙa shi. Gefensa haƙora-haƙora ne, babu hanya, gindinsa wani lokaci tubali ɗaya ne da ko katafila ba za ta juya a ciki ba. Zanen hannu ne ke mayar da shi rami, kuma a nan ake gane wanda ya taɓa tsayawa a filin aiki. Masanin ƙarfin dutse zai ba ka tsayin benci, wato kowane hawa na bangon rami, karkatar fuskarsa, da faɗin dandamalin da ke tare duwatsu masu gangarowa. Ɗauki benci mita 10, fuska digiri 70, dandamali mita 5. Kowane benci yana cin mita 8.6 a kwance, bangon ya tashi digiri 49. Sai hanya. Tifa irin Cat 777, mai ɗaukar tan 90 zuwa 100, faɗinta ya haura mita 6. Hanya mai zuwa da dawowa tana son ninki uku da rabi na wannan, ga tudun kariya a gefe wanda ya kai aƙalla rabin tsayin taya, ga magudanar ruwa. Ka tashi da mita 25 ko fiye. Idan hanyar ta ratsa bangon sau ɗaya a zurfin mita 100, gangararsa ta sauko zuwa 42. Sau biyu, 36. Wanda ya ba manhaja digiri 49 tun farko ya manta da hanya, zai ga zanensa ya kumbura da dutsen banza da ba a yi kasafinsa ba. Don haka nakan kintaci yawan ratsawar hanya tun kafin lissafi, in zana, in kwatanta, in koma in sake. Idan bambancin tan tsakanin zane da lissafi ya wuce kashi 5 zuwa 10, akwai abin da ba a faɗa wa manhajar ba.

Gangarar hanya kashi 10 ce bisa al'ada, wato kowace mita 100 ta zurfi kilomita ɗaya ce ta hawa da kaya. Ina hanyar za ta ɓullo a baki, kusa da injin fasa dutse ko kusa da juji, shawara ce ta minti biyar a kan allo wadda direbobi za su biya da man dizal shekara da shekaru.

Jadawali shi ne sashen da na fi daɗewa a kai. A manhajar MineSched, ko Deswik, ko wata irinsu, ana yanka ramin zuwa matakai, kowane mataki zuwa benci, a ce wa manhaja ga abin da masana'anta ke so a shekara, ga abin da motoci ke iya ɗauka. Idan ba ka ɗaure ta ba za ta nutsa benci goma sha biyar a shekara ɗaya tana bin giredi. A aikace, da huda, da ɗura nakiya, da fashewa, da ɗiban samfur, da fitar da ruwa, benci shida zuwa takwas a shekara shi ne abin da nake yarda da shi. Haka kuma faɗin kowane mataki: idan bai kai wajen mita 50 ba, motoci za su riƙa jiran juna.

Lissafin tifofi ba ya son kwaɗayi. Shekara sa'a 8,760 ce. Cire lokacin gyara, a ce mota tana lafiya kashi 85. Cikin wannan kuma, da canjin ma'aikata, da cin abinci, da salla, da shan mai, da jiran fashewa, kashi 75 take aiki. Saura sa'a 5,585. Idan zagaye ɗaya minti 25 ne da tan 90, mota ɗaya za ta kwashe tan miliyan 1.2 a shekara, goma sun isa tan miliyan 12. Bayan shekara biyar rami ya yi zurfi, zagaye ya koma minti 40, wannan aikin dai yana son mota 16. Idan jadawali bai nuna shekarar da za a ƙaro shida ɗin nan ba, za a wayi gari ana zargin direbobi da lalaci. A kula kuma da kumburin dutse: mita kubik ɗaya a cikin ƙasa takan zama wajen 1.3 bayan fashewa, juji da bayan tifa da wannan ake auna su.

Damina ba ta cikin kowace manhaja sai ka sa ta da kanka. Ruɓaɓɓen dutsen sama yakan zama taɓo mai santsi, gindin rami ya zama tafki. Nakan rage sa'o'in watannin ruwa, in tura motoci benci na sama mai tauri, in tabbata akwai tsibin da zai ciyar da masana'anta makonni. A Tarkwa ta Ghana ruwa sau biyu yake zuwa a shekara. A Arlit kuwa, inda ake haƙar yuraniyam a buɗaɗɗen rami tun 1971, zafi da ƙura ne abin lissafi.

Tsarin shekaru yana sauka zuwa na wata uku, na mako, har na yini. Mai tsarin mako shi ke zuwa taron safe da takarda a hannu yana cewa wace eskabeta za ta ci wane yanki. A nan ne ake gamuwa da gauraya. Bokitin mota ba ya bin layin da aka zana daidai, fashewa kuma tana tura dutse mitoci daga inda yake. Idan dutsen banza kashi 10 ya shiga cikin mai giram 1.5, abin da zai isa masana'anta giram 1.36 ne. A ƙarshen wata sai a zauna a kwatanta abu uku: abin da samfurin tubala ya ce, abin da ramukan sa ido na kusa-kusa suka ce, da abin da masana'anta ta karɓa. Idan tan ya yi yawa giredi ya faɗi, gauraya ce. Idan tan ya ragu giredi ya hau, ana zubar da zinariya a juji ko samfurin ya shafe bambancin tubala. Wata ɗaya ba hujja ba ne. Wata uku a jere ta fuska ɗaya, sai a koma ga samfurin. Taron nan ba ya rasa zafi, kowa yana kare lambarsa.

Wanda ya koyi wannan a zinariya zai iya aiki a farar ƙasar siminti, a Obajana, ko Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka, ko Malbaza ta Nijar, sai dai tambayar ta sauya. Can ba a neman inda ya fi daraja, ana neman haɗin da bai canzawa: sinadarin kalsiyam ya isa, magniziyam kada ya wuce iyaka, silika daidai. Jadawali ya zama na gauraya fuska biyu ko uku a kullum.

Hanyar shiga aikin a fili take. Digiri ko babbar difloma a injiniyan ma'adinai: Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, Jami'ar Jos, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, ko jami'ar ma'adinai ta Tarkwa. A Najeriya akwai rajista da COMEG, hukumar injiniyoyin ma'adinai da masanan duwatsu, da COREN, hukumar injiniyoyi baki ɗaya. Lasisin manhajojin nan tsada gare shi, ɗalibi ba zai saya ba, mafi yawanmu a wurin aiki muka koye su, kuma wanda ya iya ɗaya zai kama ta biyu cikin makonni. Manyan ramukan zinariya na zamani kaɗan ne a Najeriya. Segilola ta jihar Osun ta fara fitar da zinariya a 2021. Shi ya sa ƙwarewar ta fi taruwa a Ghana, Mali da Burkina Faso. Shawarata ga matashi ita ce kada ya yi ɗokin ofis. Shekara biyu ko uku a huda da fashewa, a bin safiyo, a tsarin mako, sannan tsarin dogon zango. Idan na zauna tantance mai neman aiki, ba na tambayarsa wane maɓalli ake dannawa. Nakan ba shi tsayin benci da faɗin dandamali in ce ya fitar min da gangara da biro.

Akwai kuma ɓangaren masu ƙera manhajar kansu. Kamfanonin suna ɗaukar injiniyoyin ma'adinai don horar da abokan ciniki, saita manhaja a wurin aiki, da gwada sabon salo kafin ya fita, daga nan wasu ke rikiɗa su koma rubuta ta. Abin da ake nema shi ne harsunan rubuta manhaja: Python da SQL a matakin farko, C++ ko C# ga masu shiga cikin injin, da lissafin zaɓin mafi kyau da ake warwarewa da manhajar Gurobi ko CPLEX. Iyakar rami an daɗe da gama da ita, amma jadawali mai tsibi da gauraya da rashin tabbas na giredi har yanzu ana fama da shi, can ne aikin yake. Mai son gwada kansa ba ya buƙatar lasisi: tarin bayanan MineLib kyauta ne a intanet, OR-Tools ta Google ma kyauta ce. Ya mayar da tubala mahaɗai, ya ja kibiya daga kowanne zuwa waɗanda ke samansa, ya warware, ya kwatanta amsarsa da wadda aka wallafa.

Matakin ƙarshe sa hannu ne. Adadin ajiyar da kamfani zai bayyana wa kasuwar hannun jari dole mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa da sunansa. JORC tana so ya kasance ɗan ƙungiyar ƙwararru da aka amince da ita, da aƙalla shekara biyar a irin wannan ma'adini da irin wannan aiki. Kanada ta kafa tata dokar, NI 43-101, bayan badaƙalar kamfanin Bre-X ta 1997, inda aka gano an barbaɗa zinariya a samfuran dutsen da aka ɗebo daga Busang ta Indonesiya. Saboda haka kowace lamba da na sa a manhaja nakan rubuta ta a takardar zato, da wanda ya ba ni ita, da ranar da ya bayar, da sunan fayil ɗin samfurin da aka yi aiki da shi. Mai binciken banki idan ya zo, wannan takardar yake fara nema kafin ya ce a buɗe masa zanen.